LAMBAR JERI BA SUNAN YANKA BA CE

Duk wanda ya san Kafanchan zamanin da jirgin ƙasa ke cin kasuwarsa, ya ga yadda ake juya taragu a tasha, domin tun 1927 garin ya zama mahaɗar dogon Fatakwal da na Kaduna da na Jos. Taragon da ya iso yana na uku, in an sake haɗi sai ya tashi yana na goma, amma lambar da aka rubuta a jikinsa tana nan daram.

To, haka al'amarin yake ga rumbun bayanai na kwamfuta. A 1970 ne Edgar Codd, wani masani na kamfanin IBM, ya shimfiɗa ƙa'idar cewa layukan da ke cikin rumbun ba su da na gaba, ba su da na baya. Sai ma'aikaci ya nemi sunaye, ya faɗi tsarin da yake so, sa'an nan na'ura ta jera su. In yana son a ɗora musu 1, 2, 3, akwai umurnin da ake kira ROW_NUMBER, wanda ya shiga ƙa'idojin harshen SQL a 2003, manhajar MySQL kuwa ta karɓe shi a 2018. Har ana iya sa shi ya koma kan 1 a farkon kowace gunduma.

Amma fa wannan lamba ta aro ce, watau a lokacin tambaya ake ƙirga ta. A ce an buga sunayen manoman citta na Kaciya da Kwoi don rabon taki, bisa jerin baƙaƙe. Kashegari aka ƙara mutum ɗaya a sama, aka sake bugawa. Nan take kowa ya gusa, na 40 ya zama na 41. Magatakardan da ya yi rabo da lambar jiya, buhun wani zai miƙa wa wani, ga damina ba ta jira. Haka kuma in suna ya zo ɗaya, ba a faɗa wa na'ura abin da zai raba gardama ba, tana iya sāke musu wuri.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatan ofisoshinmu, lambar jeri a bar ta don sauƙin karatu da ƙidaya. Wajen biyan haƙƙi kuwa, a riƙe lambar da ba ta gusawa, kamar lambar shaidar ɗan ƙasa mai alƙaluma 11. Allah ya kiyashe mu da cin haƙƙin wani. Sai mako mai zuwa.