Majinyaci a Delhi: Ka Fita, Amma Ka Kula da Abin da Za Ka Ci

Idan jinya ta kai ka birnin Delhi, ko kuma kai ne ɗan rakiya, kada ka taƙaita rayuwarka tsakanin asibiti da masauki. Da zarar likita ya amince, ka je tsohon gari ka ga Masallacin Jama, wanda aka kammala a 1656 zamanin Sarki Shah Jahan, da Lal Kila, jar ganuwar da ke kusa da shi. Matakalan masallacin suna da tsawo. Mai ciwon zuciya ya hau a hankali, da sanyin safiya.

Daga nan ƙamshin kasuwar Chandni Chowk zai ja ka, kuma a nan haɗarin yake. A ganina, wuta ce ma'auni. Paratha da aka sauke daga kasko a gabanka, ko kebab da ya tashi daga garwashi kamar tsire, da wuya su cutar da kai. Abin gudu shi ne golgappa, ƙananan ƙwallayen soyayyar fulawa da ake cikawa da ruwan tsamiya da na'ana'a. Ruwan ɗanye ne, sau da yawa hannun mai sayarwa yana shiga cikinsa, kuma ta irin wannan hanyar taifot da gudawa ke kama baƙo. Haka ƙanƙara da yankakkun 'ya'yan itace.

Wanda aka yi wa dashen ƙoda kuwa, magungunansa suna raunana garkuwar jiki. Ya haƙura da abincin titi baki ɗaya, iyalinsa kuma kada su kawo masa tsarabarsa. Mai ciwon sukari ya tuna cewa jalebi a ruwan sukari ake tsoma shi.