Ɗan Kasuwa, Ka Riƙa Ƙirga Kujerun Majalisa

Jama'a, tun da aka yi zaɓen ranar 7 ga Disamba 2024 har yau, in ka zauna a majalisar hira a nan Gurugu ko a rumfunan kasuwar Aboabo ta Tamale, in dai an taɓo siyasa, zancen ba ya wuce Mahama da Bawumia. To, ba laifi, kuma Bawumia ya cancanci yabo tunda washegarin zaɓe ya fito ya amsa kaye tun kafin hukumar zaɓe ta faɗi sakamako, abin da ya sa muka buɗe shagunanmu ba fargaba. Amma a ganina ɗaya ƙuri'ar, wato ta ɗan majalisa, wadda da yawanmu ke dangwalawa ba tare da sun san ko sunan mutumin ba, ita ce ta fi kusa da aljihun ɗan kasuwa.

Dattawan zango ba su manta da 1969 ba. A watan Agusta na wannan shekara aka yi zaɓen majalisa, jam'iyyar Busia ta kwashe kujeru 105 daga cikin 140, sojoji suka miƙa masa mulki. Ranar 18 ga Nuwamba gwamnatinsa ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice daga Gana. Fatake da mahauta da masu sayen goro, wasu ma a nan aka haife su, suka karyar da kayansu suka hau mota zuwa Nijeriya da Nijar. Wa zai taka wa gwamnati birki a majalisar da 'yan adawa ke da kujeru ƙalilan?

Sai mu dubi harajin tura kuɗi ta waya, wanda kowa ya sani da E-Levy. Zaɓen 2020 ya raba majalisa biyu, NPP 137, NDC 137, da ɗan takara mai zaman kansa guda ɗaya. Gwamnati ta kawo harajin a kasafin Nuwamba 2021 a kan kashi 1.75 cikin ɗari, aka yi ta ja-in-ja har da ba hammata iska a zauren majalisa a watan Disamba, abin kunya dai. Sai a ƙarshen Maris 2022 ya wuce, shi ma bayan an rage shi zuwa 1.5, kuma 'yan adawa ƙarƙashin Haruna Iddrisu na Tamale ta Kudu suka fice daga zauren. Duk mai biyan kuɗin shanu ko albasa ta MoMo daga Bawku ko Paga ya san abin da wannan ragi da jinkirin wata huɗu suka bar masa a hannu.

A 2024 NDC ta samu kujeru sama da 180 cikin 276, kuma a Afrilu 2025 aka soke harajin ba tare da wata wahala ba. Mun ji daɗi, babu shakka. Sai dai rinjayen da ya soke haraji cikin sauƙi zai iya ƙirƙiro wani cikin sauƙi, ko ya taɓa dokar ciniki. Kada a manta, majalisa ce a 2013 ta yi dokar zuba jari da ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan saye da sayarwa a kasuwanni, kuma da ita ƙungiyar GUTA ta kafa hujja wajen garƙame shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Ankara a 2019 da 2020.

Don haka shugabannin 'yan kasuwa da sarakunan zango su daina jiran ɗan majalisa ya zo da buhun shinkafar azumi. Su gayyace shi tun yanzu, kafin 2028, ya zauna a rumfa ya faɗi matsayinsa a kan kuɗin fito a Paga da Aflao, da yawan shingayen hanya tsakanin Bolgatanga da Tamale, a kuma rubuta abin da ya faɗa da kwanan wata.