Hoton da Ke Sa Mai Kallo Miƙa Hannu

Duk ɗalibin da ya taɓa riƙe katin banki na Visa, a Janfalan ne ko a kasuwar Maƙarfi, ya ga 'yar kurciyar nan mai ƙyalli wadda ke sauya launi in an karkata katin. Wannan shi ake kira hologiram. Da yawa sun ɗauka iyakar fasahar ke nan, alhali kuwa ko kusa. Launukan kurciyar na bakan gizo ne kurum, bisa dabarar da Stephen Benton ya fito da ita a 1968.

Hoton kyamara ƙarfin haske da launinsa yake adanawa. Shi kuwa hologiram, wanda Dennis Gabor ya ƙago a 1947 har ya kai shi ga kyautar Nobel a 1971, yana adana har da inda kowane haske ya taso daga jikin abu. Don haka idon dama da na hagu, masu tazarar kamar santimita 6, kowanne da abin da yake gani. In mutum ya kau da kai, sai ya hango gefen da ɗazu yake ɓoye. Da waɗannan alamu ne ƙwaƙwalwa ke auna zurfi tun mutum yana jariri, to yaya za ta yi gardama?

Launi shi ne mai wuya. A ɗauki tumatirin fadamar Ikara da ganyensa da hasken leza ja kaɗai, ganyen zai fito duhu-duhu. Sai an haɗa leza uku, ja da kore da shuɗi, domin ƙwayoyin da ke gane launi a bayan ido iri uku ne. A 2015 an yi wa ƙwayayen ado na Fabergé da ke birnin St. Petersburg irin wannan hoto, har da walƙiyar duwatsun da ke jikinsu.

Duk da haka, masu cewa ba a iya bambanta shi da na zahiri sun ɗan zarce. Fitila guda mai kaifin haske yake bukata, daga kusurwar da aka tsara. A ƙarƙashin doguwar fitilar aji sai ya dushe. Mutum ya matsa gefe da yawa, hoton ya ɓace.

Abin takaici shi ne yadda ake koyar da darasin ido a ajin bayoloji, darasin haske a ajin fiziks, kamar ba su san juna ba, ɗalibi ya haddace zane ya wuce. Ya kamata malaman biyu su haɗu ko da sau ɗaya ne a zango. Ba sai da ɗakin gwaji ba: katin da ya daina aiki da hantsi mai kyau sun wadatar. A fita fili, kowane ɗalibi ya dubi kurciyar da ido biyu, ya rufe guda ya sake dubawa, sannan a koma inuwar aji a tambaye shi abin da ya ragu.