ƊAKIN UWARGIDA: Kujerun amarya, a auna ɗaki a auna aljihu

A wannan wata za mu tattauna ne a kan kujerun ɗakin amarya, waɗanda ke hana iyaye mata da yawa barci da zarar an sa ranar biki.

Bara ƙanwata ta aurar da ɗiyarta ta fari. Daga Bungudu aka kawo amarya Gusau, gidan haya ciki da falo a Tudun Wada. Ta kwashi adashinta, ta sayar da tumakinta, ta ƙara da bashin dillaliya, aka yi mata manyan kujeru masu zaman mutum 7, irin waɗanda ta gani a waya. Ranar jere muka yi cirko-cirko, babbar kujerar ta ƙi shiga sai da aka cire ƙyaure. Da aka jera su kuma, ko wurin shimfiɗa darduma babu. Kafin damina ta fita soson ya lotsa, gari na zuba daga katakon, ga bashi ba a gama biya ba. Da na yi mata magana cewa ta yi, "Yaya, bakin dangin miji na ji tsoro." To, dangin miji sun zo sun gani, sun yi guɗa sun tafi, ita aka bari da dillaliya.

Don haka uwar amarya, kafin ki taka wajen kafinta, aika a auno miki falon da faɗin ƙofarsa, ko da igiya ce a ƙulla. Yawancin ɗakunan haya ba su wuce ƙafa 12 kowane ɓangare ba, ƙofa kuma ƙafa 3 ko ƙasa da haka, alhali kujera mai zaman mutum 3 kan kai ƙafa 6 zuwa 7. A irin wannan falo, mai zaman 3 guda ɗaya da masu zaman ɗaya guda biyu sun wadatar. Mu dai mun san baƙinmu mata a ƙasa suka fi son zama su miƙe ƙafa.

Sannan ki yanke abin da za ki kashe tun a gida, ki sa har da kuɗin ɗauko. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya zama abin lissafi. Idan a Tsafe ko Bungudu amarya za ta zauna, ki fara duba aikin kafintocin garin. Ko gyara ya taso daga baya, suna kusa.

Ingancin kujera a cikinta yake, inda yadi ya rufe. Ki ce sai an nuna miki ƙirar katakon kafin a lulluɓe, ko ki tura maigida ko ɗanki. Jan katako ya fi tsada amma ya fi ƙarko. Farin katako ya fi araha, sai dai ƙwari na saurin cin sa, don haka a shafa masa maganin gara a gabanku. A tabbatar busasshe ne, domin ɗanyen katako da hunturu ya buga shi sai ya tsage, ƙusoshi su saki. A girgiza ƙirar, in ta yi ƙara ko ta yi lilo, ba ta yi ba.

Soso ma hawa-hawa ne, ko a kamfani ɗaya irin su Vitafoam da Mouka akwai mai nauyi akwai marar nauyi. Ki danna da hannu ki saki. Mai kyau nan take yake dawowa. Ki zauna a kai, in kin ji katako a ƙarƙashinki to ki haƙura da ita. Idan kuɗi sun gaza, a sa mai nauyin a mazauni, mai arahar a jingina.

Wajen yadi kuwa ki tuna da ƙurarmu da zafin Maris da Afrilu. Ledar roba tana da sheƙi ranar jere, amma zafi na sa ta tsattsage ta riƙa ɓarewa. Farin yadi kuma ba ya shiri da goyo. Ki zaɓi mai kauri, mai ɗan duhu, a yi wa matasan zif don a riƙa cirewa ana wankewa.

Ki zaga wajen kafinta uku kafin ki tsayar da ciniki. Kada kafin alƙalami ya wuce rabi, cikon sai kaya sun zo. A rubuta irin katako da soso da ranar karɓa a gaban shaida, ranar kuma ta riga jere da mako 2 ko 3.

Wadda ƙarfinta bai kai sabo ba, ba abin kunya ba ne. In kina da tsofaffin kujeru masu ƙwarin katako, a sake musu soso da yadi, ba mai ganewa. In na gwanjo ne, a bincika ɗinki da lunguna saboda kuɗin cizo.

Mu tuna, Nana Faɗima (RA) da mayafi da salkar ruwa da matashin kai aka kai ta ɗakinta, kuma babu amaryar da ta fi ta daraja. Abin da ɗiyarki ta fi buƙata shi ne ta zo gida ta same ki hankali kwance, ba mai sallama yana neman kuɗinsa. Sauran kujerun, in Allah Ya buɗa, ita da mijinta za su ƙara.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya a ɗakunansu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.