Gigin Tsufa: A Koya Wa Ɗaliban Jinya Tun Kafin Su Iso Geskeru

Jama'a, duk mai zaman kasuwa a Diffa ya san irin wannan aike. Rana ta take, ciniki ya fara kankama, sai ga yaro a guje: "Inna, Kaka ta fita, ba a gan ta ba." Nan take mace za ta ja buhu ta rufe tattasanta, ta bar wa maƙwabciya amanar kaya, ta bazama cigiya. Wani lokaci a iske tsohuwar a bakin kwalta da ƙunshinta a ka, tana cewa gida za ta. Gidan da take nufi kuwa yana can bakin Komadugu, rabonta da shi tun 2015.

Mu dai gigin tsufa muke ce wa wannan abu, wasu su ce ta koma yarinta, marasa tsoron Allah kuma su fara raɗe-raɗin maita ko sammu. Alhali masana kiwon lafiya sun daɗe da tabbatar da cewa cuta ce da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, ba kuma kowane tsoho take kamawa ba. Ai dukanmu mun san dattijan da suka haura tamanin amma ba su manta bashin dala ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 57 ne ke fama da ita a 2021, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma kusan miliyan 10 ke kamuwa kowace shekara. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda ake kira da sunan likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, da ya fara bayaninsa a 1906.

To me ya sa muka ambaci Geskeru? Saboda mai wannan lalura, abin da ya saba da shi ne ke riƙe shi: ƙofar ɗakinsa, bishiyar da yake zama, hanyar masallaci, muryar maƙwabci. Ko da ƙwaƙwalwa ta fara yoyo, ƙafa takan san hanya. Tun bayan harin da Boko Haram ta kai Diffa da Bosso a watan Fabrairun 2015, sai ga mutanen bakin kogi da na tsibiran Tafkin Chadi sun kwararo bakin babbar hanyar Ngigmi, suka kafa bukkoki a Ngagam da Kinjandi da Garin Wanzam, duk cikin ƙaramar hukumar Geskeru. Harin Bosso na Yunin 2016 ya ƙaro wasu dubbai, na Maris ɗin 2019 ya sake tayar da wasu, ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 ita ma ta yi nata. Yanzu a duba tsohon da aka tayar sau biyu ko uku, aka ajiye shi cikin bukkoki masu kama da juna. Ya fita kama ruwa, ina zai gane tasa? Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne, a yankin da ake shingen bincike, tsohon da ya fita da dare, aka daka masa tsawa ya tsaya, shi kuwa bai gane abin da ake faɗi ba, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare.

Idan abin ya ishe mu, asibiti muke nufa. A nan ne zancen yake. Mun taɓa raka wata abokiyar sana'armu da uwar mijinta wani asibiti da ba sai mun faɗi sunansa ba. Matashin da ke bakin aiki ya yi wa tsohuwa tambaya da Hausa, ta dube shi ta yi shiru. Ya ɗaga murya, ta tsorata ta fizge hannunta. Ya ce, "Hajiya, wannan ai tsufa ne, ba shi da magani, ku je gida ku yi haƙuri," ya rubuta maganin barci. Ko hawan jininta bai auna ba. Ba mu zarge shi da mugunta ba, layi ya kai waje, yara na ta kuka, kuma a fili yake ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake yi da irinta.

Mun san dalilin da ya sa hankalin malaman asibiti ya karkata ga uwa da ɗa. Kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba, zazzaɓin cizon sauro da tamowa ba su bar mu mun huta ba, shi ya sa tun 2006 gwamnati ta ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Wannan daidai ne, ba mu ce a rage ko ƙwayar zarra ba. Amma a ƙauye babu likitan ƙwaƙwalwa, malamin jinya shi ne wuƙa shi ne nama. Don haka muke kira ga makarantun kiwon lafiya na ƙasa da ke Yamai da Damagaram, da masu zaman kansu, su ba darasin tsofaffi haƙƙinsa, a yi jarrabawa a kansa kamar yadda ake yi a kan karɓar haihuwa. Ba sai an fara daga tushe ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora tun 2010 don ma'aikatan da ba ƙwararrun likitoci ba, kuma akwai babi guda a kan wannan cuta a cikinsa.

Abu na farko da muke so ɗalibi ya fito da shi shi ne rarrabe rikicewar da ta zo farat ɗaya da wadda ta daɗe tana tahowa. Tsohon da jiya ya ƙirga kuɗinsa daidai, yau ya wayi gari bai san ɗansa ba, galibi wata cuta ce ta taso masa: zazzaɓi, ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, saukar sukari, shanyewar ɓarin jiki, ko maganin da ya yi masa yawa. Wannan na gaggawa ne, kuma sau da yawa idan an magance sanadin hankali yakan dawo. Tsofaffi nawa aka mayar gida da "tsufa ne" alhali ƙarin ruwa da maganin zazzaɓi kawai suke bukata? Tambaya ɗaya ce ke buɗe ƙofar, a yi wa mai jinya: "Yaushe abin ya fara?"

Sai batun harshe, wanda a ganinmu ya fi shafar yankinmu. An koyar da ɗalibi da Faransanci, yana jin Hausa, aka turo shi cikin Kanuri da Fulani. Mai gigin tsufa kuwa yakan saki harshen da ya koya a kasuwa ya koma wanda ya sha a nono. Tsohuwar da muka raka ɗin nan, shekara da shekaru tana ciniki da Hausa, amma ranar Kanuri kaɗai take ji. Da matashin ya durƙusa daidai fuskarta, ya kira ta Kaka, ya gaishe ta da harshenta ko da kalma biyu ce, ya yi tambaya ɗaya ya jira amsa, da ba ta fizge hannu ba. Irin wannan ba a allo ake koyonsa ba. A turo ɗalibai aikin gwaji asibitocin karkara inda tsaro ya ba da hali, su shiga gidaje tare da na gaba da su, su ga yadda ake ba da abinci da wanka ba tare da kokawa ba. Su kuma san cewa maganin barci ga tsoho ba abin wasa ba ne, yakan ƙara masa ruɗewa, ya tashi da dare ya faɗi ya karye.

Wani zai ce, cutar da ba ta warkewa, mene ne na ɓata lokaci? Gaskiya ne har yau ba a samo maganin da ke warkar da ita ba. Amma hawan jini da ciwon sukari da rashin ji suna cikin abubuwan da ke buɗe mata hanya, kuma duk malamin asibiti na iya kula da su. Sannan akwai majinyaciya ta biyu da ba a rubuta sunanta a kati, wato 'ya ko suruka, domin kusan kashi 70 cikin ɗari na lokacin jinyar masu wannan cuta a duniya mata ne ke ɗauke da shi. Mu da muka ga yadda hana cinikin tattasai da kifi a 2015 ya karya jari kafin a ɗage dokar, mun san abin da rufe rumfa na wuni ɗaya ke nufi. Matar da aka zaunar aka yi wa bayani cewa tsohuwa ba da gangan take zarginta da satar kuɗi ba, cewa musu da ita ba ya ƙara komai sai tashin hankali, cewa yawan fitar da yamma take tasowa don haka a ba ta ɗan aikin hannu kamar tsince wake a lokacin, wannan mata za ta daina ɗaure ta da igiya ko kulle ta a ɗaki.

Mu ma 'yan kasuwa akwai namu. Shugabannin rumfuna da iyayen adashi su gayyato malaman asibiti ranar da ba ta kasuwa ba, su yi wa mata bayani da harshen da suke ji. Kafin nan kuma, duk mai tsoho irin wannan a gida ya sanar da mai unguwa da masu shagunan layinsu, ya rubuta sunansa da lambar waya a ƙyalle a ɗinke masa a jikin riga.