Aiki daga gida: matashin Musawa ya fi buƙatar rubutu fiye da Zoom

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Funtua, Malumfashi da Bakori. An shafe watanni babu sabis. Duk matashin yankin da ke yi wa kamfanin Legas ko Abuja aikin manhaja daga gida ya ga abin da idonsa: da zarar koren ɗigon nan na Slack ya mutu, kamar shi ma ya ɓace.

A cikin watan ne kuma aka wallafa wani bincike kan ma'aikatan Microsoft sama da 61,000 a Amurka. An gano cewa da suka koma aiki daga gida, kowa ya manne wa 'yan sashensa, lokacin da ake haɗa kai da sauran sassa ya ragu da kusan kashi 25 cikin ɗari. Waɗannan fa mutane ne masu wuta da intanet dare da rana. Ina ga wanda ke Musawa, yana cajin kwamfuta da sola, yana lissafin data?

Matsalar ba nisa ba ce. Kamfanoni da yawa sun kwaso al'adar ofis ne suka zuba ta cikin Zoom. Ana yanke shawara da baki a taron bidiyo, wanda sabis ya yanke masa ya rasa komai, gobe a ce ba ya ba da haɗin kai.

GitLab ba shi da ofis, ma'aikatansa na warwatse a ƙasashe da dama, kuma tsarin aikinsa a rubuce yake, kowa na iya karantawa a intanet. Irin wannan ne ya dace da yankin nan. Git kansa yana aiki ba tare da intanet ba: mutum ya yi aikinsa, ya adana, sabis ya dawo ya tura. Shawarar da aka rubuta a GitHub ko Google Docs tana nan tana jiran mai ita.

Abin da rubutu ba ya magancewa shi ne sabon shiga. A ofis yana leƙa allon babba ya koya, a gida kuwa kunyar tambaya ke cinye masa kwana uku kan kuskuren minti goma. Kamfanin da ya ɗauki irinsa, ya haɗa shi da gogagge guda ɗaya da za su riƙa waya sau biyu a mako. Kiran murya ma ya isa, ba ya cin data kamar bidiyo.