Wa Ake Yi Wa Dariya?

Da yawa cikin malamai suna ganin mai sana'ar ban dariya ba shi da wani abu sai wargi. To, a dubi labarin Cali Caplin kafin a yanke hukunci.

An haife shi a Landan cikin 1889. Ubansa mashayin giya ne, uwarsa kuwa ta sami taɓin hankali. Yana ɗan shekara 7 aka kai shi gidan gajiyayyu, don babu abin da za a ci. Daga nan ya shiga gidajen wasa na Ingila, inda talakawa kan biya kuɗi kaɗan da dare su kalli waƙa da rawa da barkwanci. Cikin ƙungiyar Fred Karno ya ƙware, ita ce ta kai shi Amurka cikin 1910. Ya fara fitowa a silima cikin 1914, kafin 1916 ta ƙare albashinsa ya kai dala 670,000 a shekara.

Amma da wace kama ya sami wannan dukiya? Da kamar matsiyaci: wando burgujeje, da manyan takalma, da 'yar sanda. Mai kallo zai ga matsiyacin nan yana riƙe da mutuncinsa, waɗanda ke jin kunya kuwa su ne mai ƙarfi da marowaci da ɗan sanda mai cin zali. Wanda ya kwana da yunwa ya san inda take cizo.

Cikin 1940, tun Amurka ba ta shiga yaƙi ba, ya yi wasan da ya mai da Hitila na Jamus abin dariya, alhali manya da yawa sun kame bakinsu. Bayan yaƙi aka tuhume shi da son kwaminis. Cikin 1952, yana cikin jirgin ruwa zuwa Ingila, Amurka ta soke izininsa na komawa. Ya zauna Suwizalan har ya mutu cikin 1977.

Ba a ce ya tsarkaka daga aibi ba, gama zamansa da mata ya jawo masa zargi mai yawa. Amma a wajen sana'a akwai ma'auni. Izgili ga gurgu da makaho da mabaraci zalunci ne, malamai sun yi gaskiya da suka hana. Dariyar da ke sauke girman kan azzalumi kuwa daban take. Saboda haka in an ji kasuwa ta ɗauki shewa, kafin a tsawata ko a taya, a fara tambaya: wa ake yi wa?

Allah ya sa a gane. Haza wasalam.